Waƙar Royston ta Uku

Royston Tibbs bai taɓa yin waƙa tasa ta kansa ba. Tun muna samari a garinmu Dudley ya ji wata ƙungiyar mawaƙan rok, irin masu dogon gashin nan, shi ke nan ya kamu. Shi da jita, ni da ganga, muka tsufa muna zaga mashaya muna maimaita waƙoƙin mutanen da ba su ma san da zamanmu a duniya ba. Na sha ce masa mu canza, ko don masu shan giya su huta. Sai ya ce, "Kai dai buga gangarka, Alwyn, tunani ba sana'arka ba ce."

Da ciwon huhu ya kwantar da shi, na je asibiti na tarar yana bar wa matarsa Glenys wasiyya. A gidan ƙona gawa waƙa uku ake sa wa mamaci: ta shigowa da akwati, ta zaman shiru, da ta fita, wadda ake jan labule a rufe akwatin tana tashi. Duka ukun na mawaƙan nan nasa ya zaɓa. Biyun farko bai tsananta ba. Ta ukun ce ransa, doguwar nan da mawaƙin ke yin shiru can wajen ƙarshe, ya bar jita ita kaɗai tana kuka.

"Kada a ja mini labule sai jitar ta gama," ya ce, numfashi na yanke masa. "Kin ji ko, tsohuwa?"

"Na ji. Mutum yana mutuwa yana ba mutane aiki."

"Ce kin yi alkawari."

"Na yi. Sha ruwanka."

Ranar jana'iza aka tashi da ruwan sama. Gidan ƙona gawarmu kamar tashar mota yake, kowane iyali da lokacinsu, kuna fita ta wannan ƙofa wasu na shiga ta waccan. Lokacin da aka ba mu ya ishe mu har da rara, Glenys ta riga ta yi magana da Mista Pargeter, mai kula da zauren, ya kuma amince a bar waƙar ta kai ƙarshe. Sai Cedric, wan Royston, ya tashi yin jawabi. Mutumin da ko sau ɗaya bai leƙa asibiti ba! Ya faro tun daga kekensu na yarinta, ya bi ta kan karensu, ya share hawaye, ya sake komowa kan keken. Ina kallon Mista Pargeter yana duba agogo, ni kuwa ji nake kamar in tashi in shaƙe Cedric.

Da ƙyar ya zauna. Aka sa waƙa ta uku, Mista Pargeter ya buɗe ƙofar fita. A wajenmu matar mamaci ce ke fara tashi, sannan kowa ya bi bayanta. Glenys ba ta motsa ba, don haka babu wanda ya motsa.

Ya zo ya sunkuya kusa da ita. "Madam, ki yi haƙuri, akwai wasu a waje."

"Ai na gaya maka tun farko."

"Kin gaya mini. Ban san jawabin zai kai haka ba."

Na ce, "Bawan Allah, koma wajenka. Saura kaɗan."

Ya koma ya tsaya, hannunsa kusa da abin da ake dannawa labule ya rufe. Na ɗauka mun ci. Sai Glenys ta waiwaya.

Ƙofar shigowa ta gilashi ce. A bayanta ga wani tsoho da sanda, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ruwa na zuba a kan sanƙonsa. A gabansa maza sun riga sun saɓa nasu akwatin a kafaɗa. Bai buga ƙofa ba, bai ɓata rai ba. Da suka haɗa ido da Glenys ma sai ya ɗan sunkuyar da kai, kamar shi ne ya yi laifi.

Da zagi ya yi, na rantse Glenys za ta zauna har a kulle gidan. Amma mu mutane ne da za mu jure komai ban da a ce wani yana tsaye a layi saboda mu. Na ga ta miƙa hannu ta ɗauki jakarta.

Na riƙe hannunta. "Haba Glenys! Baiti ɗaya ya rage."

"Sake ni, Alwyn. In aka bar tsohon nan cikin ruwa, zai bi wanda ke cikin akwatin can."

Ta miƙe, ta ba Mista Pargeter haƙuri, ta fita. Kujeru suka yi ta ƙara, jama'a suka bi ta. Ni kaɗai na rage. Ina tsaye labule ya zagayo ya rufe abokina, aka rage sautin a hankali mawaƙin bai ma rufe baki ba, aka sako kiɗan coci na masu shigowa. Baƙin ciki ya tokare ni. Na tsani Cedric, na tsani Pargeter, har tsohon nan da bai yi mana komai ba na tsana.

A waje, ƙarƙashin rumfar da ake jera furanni, Cedric yana tambayar inda za a je cin abinci. Glenys ta matso kusa da ni.

"Kai ka fito ƙarshe," ta ce. "An bar waƙar ta kai?"

"Har ƙarshe. Sai da jitar ta gama tsaf aka ja labule."

Ta dube ni. "Shekara arba'in ina wanke-wanke ina jin waƙar nan ta bango, Alwyn. Na san tsawonta. Lokacin da ka fito ko farawa jitar ba ta yi ba."



"Duk zamanmu abu ɗaya ya taɓa roƙona," ta ce.

Masu gaisuwa sun riga sun yi layi a bayana. Ta goge fuskarta, ta ɗan ture ni gefe don kada in tsare su, ta shiga yi wa kowa godiya da zuwa.