Ba Za Ka Shiga Ba

Gidiyon ya buɗe kular tuwonsa ke nan a hutun rana, sai ya ji ihu daga bayan kamfanin jimar fata da yake aiki a Challawa.

"Zakariyya ya faɗi a cikin rami! Ku zo!"

A ramin nan ake tara ruwan kemikal da aka jiƙa fatu, in bututu ya toshe a tura mutum ya sauka ya buɗe. Iskar da ke kwance a ƙasansa ba a ganinta, amma shaƙa biyu ta isa ta kayar da ƙato.

Ya ruga a guje. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya taɓa tsayawa a bakin irin wannan rami a Sharaɗa. Lokacin sabon shugaban zumuntar ma'aikata Kirista ne, jini na tafasa, baki cike da ayoyi. Mutum ɗaya ya faɗi, shi kuwa ya ɗaga murya ya ce, "Ku shiga ku ceci ɗan'uwanku, Ubangiji yana tare da ku!" Mutum biyu suka ji maganarsa suka shiga. Gawa uku aka fitar. Ba wanda ya taɓa ɗora masa laifi, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ga shi yau dattijon ikilisiya a Panshekara, kowa Baba, Baba.

Ya kutsa cikin taron ya leƙa. Zakariyya na can ƙasa jingine da tsani, ruwa iya ƙirji, kai ya langaɓe. Ƙanensa Joshuwa har ya ɗora ƙafa a kan tsanin. Gidiyon ya cafki rigarsa ta baya ya fizgo shi.

"Baba, ku sake ni! Yayana ne!"

"Ba za ka shiga ba."

"Ba ku ne kuke koya mana mutum ya ba da ransa domin ɗan'uwansa ba?"

"Haba Dattijo, ina bangaskiyar?" in ji wani daga baya. Mai wannan bakin kuwa ko taku ɗaya bai matso ba.

Tsoro ya kama Gidiyon. In Zakariyya ya cika a can ƙasa, shi ne za a ce ya hana a cece shi, kuma da wane ido zai kalli matar Zakariyya ran Lahadi? Joshuwa ya kai masa gwiwar hannu a baki, leɓensa ya fashe. Gidiyon bai sake shi ba, sai ya ƙwala wa abokan aikinsa kira.

"Ado, jawo fankar busar da fata, juya ta cikin ramin! Habibu, ƙugiyar jan fata, maza!"

Habibu, wani dogon mutumin Jigawa, ya kwanta rub da ciki a bakin ramin, mutum biyu suka riƙe masa ƙafafu. Ya ɗauke numfashi ya zura doguwar ƙugiyar. Ta zame. Ya ɗago ya shaƙi iska, ya sake zurawa, ta kuma zamewa. Gidiyon ya nemi addu'a a bakinsa ya rasa, sai "Yesu, Yesu" kawai. A karo na uku ƙugiyar ta kama bel ɗin Zakariyya, mutum biyar suka taru suka ja.

Aka shimfiɗe shi a kan siminti, leɓuna sun yi baƙi, ko motsi ba ya yi. Khadija, nas ɗin kamfanin, ta durƙusa tana danna masa ƙirji. Can, kamar ba zai yi ba, Zakariyya ya yi tari, ya kwara amai.

Aka ciccibe shi zuwa motar da za ta kai shi asibiti. Joshuwa ya juyo, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, da ya mutu, har abada ba zan yafe muku ba."

"Na sani, ɗana."

Joshuwa ya yunƙura zai bi motar, ya ji an riƙe shi. Hannun Gidiyon ne ya ƙame a rigarsa, ya kasa buɗewa. Sai da Habibu ya zo ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.