Burodin Auta

Shekara arba'in da ɗaya Mai Burodi ya yi yana gashi a shago ɗaya, mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, a ƙarshen layin da motoci ke juyawa. Ba mutum ne mai yawan magana ba. Masu saye sun saba da shi: ka faɗi abin da kake so, ya miƙo maka, ka yi gaba.

Yana da wani abu da yake yi kullum. Idan ya gama yanka kwaɓi, ya auna, ya jera a gwangwanaye, akwai ɗan guntun da ke saura a kan tebur, wanda bai kai nauyin burodi ba. Sai ya mulmula shi a tafin hannu, ya danna babban yatsansa a tsakiya, ya ajiye a bakin tanderu inda wuta ba ta da ƙarfi. Wannan na Auta ne, 'yarsa ta ƙarshe. Tun tana ɗage ƙafa kafin ta kai teburin take karɓa. Ta girma, ta zama malamar makaranta, ta auri direban babbar mota layi biyu daga shagon, ba ta fasa ba. Kowace safiya za ta leƙo da jakar littattafai a kafaɗa.

"Baba, ina kwana. Ina haƙƙina?"

"Haƙƙinki yana gidan mijinki."

Alhali ya riga ya naɗe shi a takarda.

Wata safiya ta gaishe shi, ya miƙa, ba ta karɓa ba.

"Baba, na daina cin alkama."

Ya dube ta. Hannunsa bai sauka ba.

Ta ce cikinta ne ke kumbura bayan ta ci abinci. Ta ce wata abokiyar aikinta ta bar alkama, yanzu jikinta sakayau. Ta ce ta kalli bayanai da yawa a waya, duk laifin wani abu ne da ake kira gulutin.

"Ita abokiyar taki likita ce?"

"Malamar lissafi ce."

"To. Mene ne shi gulutin ɗin?"

"Wani danƙo ne a cikin alkama."

Ya ajiye takardar. Ya gutsuro kwaɓi, ya ja shi a hankali da yatsu huɗu har ya yi siriri, hasken taga yana ratsa shi bai tsinke ba. Wannan shi ne abin da yake nema a kwaɓi tun yana saurayi. Idan babu shi, burodi ba ya tashi.

"Wannan?"

"Shi, Baba."

"Shi ya raine ki."

Ya juya mata baya ya buɗe tanderu, ko da yake babu abin da ya nuna a ciki.

Bai sake ta da maganar ba. Bai kuma daina gasa ɗan burodin ba. Kowace safiya yana mulmulawa, ya danna yatsa, ya gasa. Da yamma ya kai gida ya ajiye wa matarsa kusa da shayi.

"Ni yanzu na zama Auta?" in ji tsohuwar.

"Ci kawai."

Da farko Auta tana ta murna. Tana shigowa gaisuwa da fara'a, tana cewa jikinta ya yi sauƙi. Shi dai "madalla" yake cewa. Sai aka shiga wata na huɗu. Mutumin da yake gane kwaɓi ya yi daga launinsa ba za a ɓoye masa fuskar 'yarsa ba. Leɓɓanta sun yi fari. Idan ta hau matakala biyun ƙofar shago sai ta dafa bango. Ta fara zama a kan buhun fulawa, ita da ba ta taɓa zama a shagon ba, kullum a tsaye take kamar wadda ake kora.

Ya gani. Bai tambaya ba, don kada ta ce burodinsa yake yi wa talla. Ita ma ba ta faɗa ba, don kada ya ce ai ya gaya mata.

"Taurin kai ɗaya aka raba muku biyu," matarsa ta ce. "Na je gidanta. Ka san abin da take ci? Farar shinkafa safe da yamma. Sai biskit na kwali. Ta ce kwana huɗu take yi ba ta kewaya ba."

"Ni ta gaya wa?"

"Wa zai gaya maka wannan, kai da fuskarka kamar ƙofar da aka sa wa kwaɗo?"

Ta kwance bakin mayafinta ta fiddo yanka ɗaya na burodin leda, irin wanda Auta ke sayowa a babban kanti, wanda aka rubuta babu alkama a ciki. Satowa ta yi daga kicin ɗin 'yarta.

Mai Burodi ya shinshina. Ya murza a tsakanin yatsu, ya ruguje kamar busasshen yashi. Ya ɗora kaɗan a harshe.

"Sitaci ne. Da sukari, da mai. Ko ƙwayar dusa babu."

"Sai ka gaya mata."

"Tana da baki. Ta tambaya."

Ba ta tambaya ba. Ran wata Talata ta shigo, ta gaishe shi, ta zauna a kan buhu. Da ta miƙe za ta tafi, jakar ta zame daga kafaɗarta, ita ma ta bi ta ƙasa. Ya tare kanta kafin ya bugi ƙafar tebur. Ba ta da nauyi. Wannan ne ya fi ba shi tsoro.

Mijinta yana kan hanya, kwana uku kafin ya dawo. Mai Burodi ya janye wuta, ya sa wa shago kwaɗo da hantsi, abin da mutanen layin ba su taɓa gani ba. Kafin ya fita ya ɗauki wani buhun fulawa da babu komai a ciki, ya ninke ya sa a hammata. Mai kawo masa kaya ya taɓa gaya masa cewa ƙananan rubutun da ke jikin buhun suna nufin an ƙara wa fulawar abubuwan gina jiki. Shi karatunsa bai kai ga ƙananan rubutu ba, amma ya riƙe maganar.

A asibiti aka ɗebi jininta, suka jira a benci. Likitar mace ce, ba ta fi Auta shekaru ba, da tabarau a saman goshi. Ta ce jinin Auta ya yi ƙasa sosai, sinadarin ƙarfen jikinta ya kusa ƙarewa.

"Wane likita ne ya hana ki alkama?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Malamar lissafi," in ji Mai Burodi.

Ya warware buhun ya shimfiɗa a kan teburin likita, garin fulawa ya tashi ya sauka a kan takardunta.

"Karanta mata, 'yata."

Likitar ta sauko da tabarau ta karanta, tana danne dariya. Ta ce gaskiya ne, wannan fulawar an ƙara mata sinadarin ƙarfe da bitamin. Ta ce wanda ya bar alkama bai maye gurbinta da wake da ganye da ƙwai da nama ba, sai shinkafa da kayan kwali, zai iya rasa jini, cikinsa ya ɗaure, ga sukari da mai da yake ci bai sani ba.

Mai Burodi ya gyara zama. Bai kalli Auta ba, amma ya tabbatar ta ga ya gyara zaman.

"Sai dai ban gama ba, Baba," likitar ta ce. "Akwai cuta ta gaske. Wasu mutane, wannan danƙon yana cinye musu bangon hanji. Kumburin ciki yana cikin alamunta. Ƙarancin jini ma yana ciki."

"To, ki duba ta."

"Nan ne kuskuren. Ta yi wata biyar ba ta ci ba. Idan na gwada ta yau, gwajin zai iya nuna lafiya lau ko da tana da ita. Da ta zo kafin ta daina, da tuni mun sani. Yanzu sai ta ci alkama kullum, yanka biyu, sati shida, sannan mu gwada."

"Idan aka samu fa?"

"Ta bar ta ke nan har abada. Ko ƙurar fulawa ba a so ta shiga abincinta. Ko farantin da aka gasa burodin alkama a kai."

Ya dubi farin garin da ya zuba a kan teburin. Ya sa gefen hannu ya share shi a hankali, ya ninke buhunsa. Ya zo ne don a ce shi ke da gaskiya. Yanzu abin da yake lissafawa daban ne: safiya nawa ke cikin shekara talatin, kuma a kowace ɗaya shi da hannunsa ya miƙa mata.

Washegari Auta ta leƙo, da ƙwayoyin ƙarin jini a jaka.

"Baba, na zo shan magani."

Ya ɗora ɗan burodin a kan sikeli, abin da bai taɓa yi masa ba. Ya gutsure kaɗan ya mayar.

"Yau kuma rowa?"

"Yanka biyu aka ce."

Ta ci a gabansa, a tsaye. Ta lumshe ido a lomar farko, ta yi sauri ta buɗe don kada ya gani. Ya gani.

Haka suka yi ta yi. Kowace safiya tambayarsa ɗaya ce.

"Cikin?"

"Yana gaishe ka."

"Ba wasa nake ba."

"Ya ɗan kumbura jiya. Yau lafiya."

Ranar da ta ce ya kumbura, ba ya iya cin abincin rana.

A satin farko ya je kasuwa ya dawo da sabon faranti, da sabon kwano, da sabon cokalin katako. Bai kai su shago ba, don can ko iska fulawa ce. Kicin ɗin matarsa ya kai su. Idan ya tashi daga aiki sai ya yi wanka, ya canza kaya, ya zauna da tsinke yana ƙwaƙule fulawar da ta yi shekara arba'in a ƙarƙashin faratansa. Sannan ya shiga kicin ya ja ƙofa.

Garin wake ya fara gwadawa, da garin masara. Ya fito kamar bulo. Ya ƙara ƙwai, ya fito kamar bulon da ruwa ya taɓa. Ya sa garin gyaɗa, ya ƙone a gefe, tsakiya ɗanye. Kwaɓin ba ya jawuwa, ba ya tashi, ba ya jin maganar hannunsa. Mutumin da ya koya wa rabin masu gashin garin sana'a ya koma yana leƙa tukunya kamar sabon shiga.

Matarsa ce mai ɗanɗanawa.

"Haƙoran kirki huɗu suka rage min, malam. So kake ka ƙarasa su?"

"Yaya gishirin?"

"Gishirin lafiya. Burodin ne babu."

"Kada ki gaya mata."

"In ce mata me? Ubanta yana gini a kicin?"

Sati shida suka cika. Aka sake ɗibar jini, aka ce su dawo bayan kwana biyar. Ranar ya sa rigarsa ta fita, ya zauna a bencin nan hannuwansa a kan gwiwa. Auta ta lura faratansa fes suke, ta yi mamaki.

Likitar ta duba takarda sau biyu.

"Ba ta da ita. Jinin ma ya fara hawa."

Ta ce kumburin wataƙila daga cin abinci a tsaitsaye ne, da lemon kwalba, da rashin shan ruwa, za su bi shi a hankali. Ta ce Auta ta ci burodinta, ta haɗa da wake da ganye, kuma idan malamar lissafi ta sake ba da magani a turo ta.

Mai Burodi ya ce, "To." Ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya yana gyara takalmin da babu abin da ya same shi, ya daɗe a sunkuye.

Suka biya gida don su gaya wa tsohuwar. Auta ta shiga kicin neman ruwa. Shiru ba ta fito ba. Can sai ga ta da sabon farantin a hannu. A kai akwai wani abu mai launin ƙasa, gajere, ya tsage a gefe. A tsakiyarsa akwai shaidar babban yatsa.

"Baba, wannan fa?"

"Na kaji ne."

"Ba ku da kaji."

"Za mu saya."

"Na goma sha tara ke nan," in ji uwarta. "Wake da masara da ƙwai. Ni na ci sha takwas, Allah ya saka min."

Auta ta zauna a kan tabarma kusa da ƙafafunsa. Ta gutsura da ƙyar, ta sa a baki, ta daɗe tana taunawa.

"Baba, ba daɗi."

"Na sani."

"Ko kaɗan."

"Na ce na sani. Ajiye shi. Ba ki da buƙatarsa yanzu."

Ya miƙa hannu zai karɓe farantin, ta janye shi ta ɗora a cinya.

"Yatsan wa ke jiki?"

Ya kawar da kai.

"To, burodin nawa ne," in ji ta.

Ta ci gaba da ci, tana kora kowace loma da ruwa. Ya zauna yana kallon bango. Da ta kusa gamawa, ba tare da ya juyo ba, ya tura mata kofin shayinsa da gefen hannu.