Injin Baba Ya Zama Madubi

Kwana uku kacal Baba mai gyaran agogo ya yi a asibiti, aka cire masa yanar ido. Kwana ukun nan sun ishi surukinsa, wanda ake kira Injiniya saboda ya taɓa gyara fanka.

A shagon Baba akwai tsohon injin sassaƙa ƙarfe, ɗan ƙarami, wanda ya girmi Injiniya da ubansa. Da shi Baba yake fitar da kusoshin agogo sirara kamar gashi. Injiniya ya leƙa dogon ƙarfen da wuƙar injin ke zamewa a kai, ya ga duk ƙananan zane-zane ne. Tausayi ya kama shi. Ya sayo samfefa, ya tuɓe riga, ya yi ta gurza har ƙarfen ya koma sumul yana walƙiya.

Bai san maigidan da ya koya wa Baba sana'a ne ya sassaƙa zanen nan da hannu ba, wata biyu cur, don mai ya samu wurin kwanciya wuƙa ta tafi daidai.

Baba ya dawo da sabon ido. Ya ɗiga mai, man ya gangare ƙasa. Ya tura wuƙa, ta cije.

"Baba, ba sai kun gode ba," in ji Injiniya. "Yanzu har fuskarku za ku gani a ciki."

Baba ya sunkuya, ya kuwa gan ta, da ta surukin a baya tana washe baki.

"Kira mini likitan nan," in ji shi. "Ka tambaye shi ko bai zubar da yanar ba."