Kaset daga Baitalami

Ƙaltume tana korar ƙuda daga kan dabinonta a gindin dutsen Uhudu sai ga Alhaji Maiturare, mutumin garinsu da ya zo umara. Ya miƙa mata kaset naɗe a hankici, ya ce matar ƙanenta Bature ce ta bayar, kuma mijin bai sani ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Bature bai aiko mata ko da gaisuwa ba. Su biyu Uwa ta haifa. Ita aure ya kawo ta Musulunci har Madina, shi makarantar mishan ta kai shi coci, amma wannan bai taɓa raba su ba. Abin da ya raba su shi ne Uwa ta yi jinyar wata bakwai tana kiran sunanta, ita kuwa ba ta da iƙama, takardar izinin zama, in ta fita ba dawowa. Ba ta je ba. Tun daga ranar yake cewa ba shi da 'yar'uwa.

Maiturare ya ce da Kirsimetin nan Bature ya bi 'yan cocinsu ziyara Baitalami, har da sayen sabuwar rikoda. To, Bature ne, wanda ko fitila bai iya kunnawa ba sai ya fasa ƙwanta. Ya danna maɓallin ɗaukar murya, ya jefa ta jaka, ya manta.

Ta aro rikodar Fatna, maƙwabciyar rumfarta. Ta saka kaset ɗin, ta kunna.

Ba magana, sai ruwan sama yana bugun jaka. Can ƙararrawa ta taso, wata ta amsa daga nesa, sannan takun jama'a a kan duwatsu, da mata suna waƙa da Hausa irin ta ƙauyensu. Ƙaltume ta lumshe ido. Zafin azahar ya gushe, ta gan ta a lungun da ba ta taɓa takawa ba, mayafinta a jiƙe, tana biye da ƙeyar ƙanenta.

"Ya Hajja, bikam dabinon?" in ji wani mai saye, yana tambayar farashi da Larabci. Ba ta ma ji shi ba.

Dab da ƙarewar kaset sai ga tarin Bature, irin na Uwa sak. Muryar ta tsufa. Yana tambayar jagoransu ta ina Madina take daga nan, aka ce masa kudu.

"To ku yi gaba, zan cim muku. Bari in ɗan tsaya haka. Yayata tana can."

Daga nan sai ruwa da numfashinsa, har kaset ya tsaya.

Ta share hawaye da bakin mayafi, ta tambayi Maiturare ta ina Baitalami take. Ya nuna dutsen, ya ce arewa, can ta bayansa.

Ƙaltume ta juya kujerarta, ta ba masu saye baya, ta fuskanci Uhudu. Ta juya kaset, ta danna jan maɓallin ɗauka.

"Bature," ta ce, "ni ce."