Jar Takardar Kawu

Ranar da aka kawo mana sabon manajan aiki, abin da ya fara saukewa daga motarsa shi ne farin allo, sai kwalin ƙananan takardu masu manne, ja da rawaya da kore. Kafin la'asar ma'aikata sun raɗa masa suna Mai Allo. Aikinsa na biyu kuma, ya sa aka ɗauke kwantenar da muke kira ofis aka mayar da ita inuwar bishiya, wai kansa ba ya aiki a rana. Ni dai ban ga ya yi aiki a inuwar ba ma.

Ni ce sakatariyar wurin, asibitin yara muke ginawa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne mai aikin famfo. Shekara ashirin da shida yana tare da kamfanin, ya san hanyar kowane bututu kamar hanyar gidansa. Rubutu ne kawai bai iya ba. Da ake matsar da kwantenar ya zo zai yi magana, Mai Allo ya ɗaga masa hannu.

"Dattijo, ba na son surutu. Matsalar da ba a rubuta ba, ba matsala ba ce. Ja babbar matsala, rawaya ƙarama, kore wadda aka warware."

Duk ƙarshen mako yake ɗaukar hoton allon ya tura wa mai kamfani, saboda haka ja ba ta kwana a kai. Allonmu kullum kore shar, ginin kuwa Allah ya sawwaƙe.

Wata safiya Kawu ya leƙo, hannunsa duk laka.

"'Yar nan, rubuta min a ja. Haɗin bututun da ya bi ƙarƙashin ɗakin jira yana tsattsafo. Kada a zuba kankare sai na gwada shi kwana biyu."

Na rubuta, na manna. Mai Allo ya karanta yana yatsina fuska, don kwana biyu za su ɓata masa jadawalin da ya ƙawata. Ya ce wannan ai shawara ce. Ya ɗauki kore ya rubuta "Bututu: an duba", ya murtsuke jar ya jefa kwando. Haushi ya sa na tsince ta na jefa jaka. Washegari aka tura Kawu wani aikin, kafin ya dawo an zuba kankare.

Mako uku bayan an shimfiɗa tayil, ruwa ya fara ɓulɓulowa ta tsakaninsu. Mai kamfani ya zo da kansa, ya ce yau sai wani ya bar aiki. Mai Allo ya tsaya gaban allonsa yana murza alƙalami, ya ce yana da dabara: a tambayi "me ya sa" sau biyar, za a kai ga tushen matsala. Na sha ganin dabarar nan. Ba ta taɓa hawa sama ba, kullum gangarawa take har ta sauka kan wanda ba ya iya kare kansa. Me ya sa ruwa ya fito? Haɗi ya saki. Me ya sa ya saki? Ba a gwada ba. A na biyar kowa na kallon Kawu.

Na miƙe, na ciro jar takardar daga jaka na warware ta a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, ya faɗa. Ga ta nan."

Mai Allo ko gezau. "Wannan rubutunki ne, kuma kawunki ne. Ina sa hannunsa?"

Mai kamfani ya dubi agogo. Shi da Kawu ya haɗa wa famfon gidansa, amma bai ma ɗaga ido ya kalle shi ba. Ya ce a sallame shi. Wallahi ban taɓa raina manya kamar ranar ba.

Kawu ya tattara sifanoninsa ɗaya bayan ɗaya, ya goge kowanne ya sa a buhu. Ruwa kuwa ya riga ya gangaro har matakala. Sai a lokacin wani ya ce a rufe babban bututun, aka shiga kallon-kallo. Ba wanda ya san inda ake rufewa. Mai Allo ya bi Kawu da gudu har bakin ƙofa, takalminsa na ƙwal-ƙwal ya jiƙe sharkaf.

"Baba, don Allah, ina ake rufe ruwan?"

Yau ya zama Baba. Kawu ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka rubuta?"

Kawu ya juyo gare ni.

"Ba don shi ba, 'yar nan, don yaran da za a kwantar a nan. Wurin rufe ruwan yana ƙarƙashin ofishinku. Shi na zo faɗa ranar da aka matsar da shi."

Aka kira motar ɗaga kaya ta ɗage kwantenar, allon ya kifo, takardu suka watsu a ruwa. Na waiwaya in nuna wa Kawu, sai na hango shi can bakin titi da buhunsa a kafaɗa, yana jiran mota.