Baƙaƙen Laka

Ustaza Ummusalama tana ji da ajinta. Duk ƙauyukan Ƙala'at an-Nahal babu ajin da ya kai nata amo: ta ja layi, yara su amsa, har kwanon rufi ya ɗauka. Sai ga Baba Jatau, manomin riɗi, ya zo ya watsa mata ƙasa a ido. Wai 'yarsa Munira ihu kawai ta iya. In aka gama yankan riɗi ba ta karanta masa komai ba, to ta zauna gida ta kama wa uwarta aiki.

Ran Ustaza ya ɓaci. Munira fa! Yarinyar da ta fi kowa zaƙin murya?

A makon ne Batoul ta zo daga Gadarif, mai zagaya makarantu tana ɗora malamai a hanya. Ta saurari ajin har suka kai aya. Sannan ta buɗe tsakiyar littafi, ta rufe hoton da tafin hannu, ta nuna wa Munira kalma ɗaya. Munira ta kasa karantawa, sauran yaran ma haka. Ashe hadda ce zalla, baƙi ko ɗaya ba su gane ba. Kunya ta kama Ummusalama kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Batoul ba ta yi faɗa ba. Ta leƙa taga, ta hango shanun laka da yaran suka jera a rana. Jikokin makiyaya ne, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ta ce, "Ya Ustaza, hannun da ya iya murza ƙahon saniya, baƙi zai gagare shi?"

Daga ranar aji ya koma gidan magina. Kowane yaro ya murza baƙinsa da baƙar lakar gona, ya faɗi sautinsa shi kaɗai, ya jingina shi da na maƙwabcinsa su ga me ya fito. Tufafi sun sha dauɗa, uwaye sun yi mita, Ummusalama ko a jikinta.

Ranar da babbar mota lori ta zo kwasar buhunan riɗin Jatau, ya sa aka kira Ustaza. Tsohon nan da wayo kamar dila! Ya ƙi littafi, ya nuna rubutun da ke bayan lorin.

"Ke Munira, karanta wancan."

Munira ta matsa, yatsunta na motsi kamar tana murza laka.

"Ri… da… l-wa… li… dain."

Yardar iyaye, da Larabci. Jatau ya dubi direba, direba ya ce wallahi haka aka rubuta.

Ummusalama ba ta san sanda ta rangaɗa guɗa ba, har leburori suka ajiye buhu suna dariya. Jatau ya goge ido da gefen rawani, wai ƙaiƙayi ne ya faɗa masa.

Ya ce, "Ustaza, ta samu. Gobe da ƙanenta za ta zo. Laka kuwa, a ɗiba a gonata."