Koriyar Lambar Dakta Sha'aban

Dakta Sha'aban ne ya kai Lado inda yake yanzu, ba wani ba. Shi ya durƙusa a gaban motar, shi ya ɗaure ƙusoshin da hannunsa. Inna Muhibba tana kallo ta taga, kuma ko a gaban wa za ta maimaita.

Lado ɗanta ne, shi kaɗai ya rage mata. Direba ne a gidan wani dattijon Balarabe, kafilinsa mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, wanda ya yarda da shi har yakan bar masa mota ya kwana da ita a unguwarsu ta Utaiƙa. Kafin ya zo Riyad ya taɓa shiga jami'ar gwamnati can gida. Bai yi nisa ba ubansa ya rasu, ya ajiye littafi ya kama sitiyari, amma abin bai bar ransa ba. Shi ya sa da tsofaffin ɗaliban jami'ar suka kafa ƙungiya a nan ya manne musu. Shi ne ɗauko kujeru, shi ne kai shinkafa, shi ne mayar da matansu gida. In an zo ɗaukar hoto kuwa, shi ake miƙa wa waya.

Sai ƙungiya ta sa aka bugo mata lambobin mota daga gida, kore shar, da hoton buɗaɗɗen littafi da sunan jami'a. Wai duk wanda ya saya ya taimaka a gyara ɗakunan kwanan ɗalibai. A gida wannan ba komai ba ne. Mai sarauta ya ɗaura tasa, ɗan siyasa ya ɗaura tasa, ɗan sanda ya sara musu su wuce.

Ranar da wani babba daga jami'ar ya zo gari, Dakta Sha'aban, shugaban ƙungiya, ya zo har ƙofar gida da lamba a hammata. Ya ce motar Lado ce mai kyau, ita za ta ɗauki baƙo zuwa walima a Unguwar Ofisoshin Jakadanci.

“Ranka ya daɗe, nan fa ba gida ba ne,” in ji Lado.

“Na yini ɗaya ne. Haba Lado, kai ma ai ɗanmu ne.”

Wannan kalma ita ta gama da yaron. Ya tsaya yana murmushi aka rufe lambar hukuma ta gaba da koriyar, har ya ɗaga kai ya ce, “Inna, kin gani?”

Ta gani. A ƙofar unguwar, askar, wato ɗan sandan nan ƙasar, ya dubi gaba, ya zaga ya dubi baya, ya ce a kashe mota. Dakta da baƙonsa suka fita, suka ce suna zuwa, suka shiga motar da ke bayansu. Aka tsare Lado. Sau ɗaya aka bar shi ya kira ta, shi ya gaya mata haka, muryarsa kamar ta mai zazzaɓi. Kafili kuma ya rantse: in wanda ya ɗaura abin ya zo ya faɗa da bakinsa, zai je ya nemo wa Lado sassauci. In bai zo ba, halas, shi ke nan, a tura shi tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a kora ƙasarsu.

To ita me za ta yi? Iƙamarta, takardar izinin zama, ta mutu tun rasuwar matar da take yi wa aiki, kuma mai matacciyar iƙama ba ya kai kansa wurin askar. Ko kantin bakin layi Lado ne yake je mata. Ɗakinsu taga ɗaya gare shi, da na'urar sanyi mai tari kamar tsohon mashayin taba. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa inda motar take kwana, ta dawo. In aka taɓa ƙofa sai ta zabura ta leƙa ta taga. Ta kira Dakta, ya ce, “Hajiya, a yi haƙuri, muna kan magana.” Ta sake kira, wayar ta daina shiga.

Sahadatou, maƙwabciyarta 'yar Nijar mai yi wa ƙungiyar tuwo, ita ta tsegunta mata cewa ranar Juma'a bayan la'asar suna da taro a wani gidan shaƙatawa da suka kama haya a unguwar Shifa.

“Ki sa ni cikin tukwane,” in ji Inna.

“Inna, in aka tare mu fa?”

“A tare. Zaman da nake yi ba tarewa ba ne?”

Haka ta tafi a bayan motar mijin Sahadatou, tukunyar miyar kuka tana ƙona mata gwiwa, tana sunkuyar da kai duk inda ta hango fitilar askar.

A harabar gidan motoci ne jere, manya manya. Inna ba ta karatu, amma ta san kore. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta duba gaba ta duba baya. Farare ne duka, lambobin hukuma tsaf. Har ta Dakta, wadda ta sani da tasbahar da ke rataye a madubi. Ta daɗe tsaye a gabanta tana huci.

Ta yaye labulen zauren maza ba sallama. Suna zaune a kan darduma da gahawa da dabino, kwalin lambobin yana gefe a buɗe.

“Hajiya, ɓangaren mata can ne,” in ji wani mai farin gilashi.

“Da ɗana yake kwashe muku kwanuka ɓangaren wa yake?”

Dakta Sha'aban ya miƙe yana gyara hula. “Mama, bismilla, zauna a kawo miki ruwa.”

“Ban haife ka ba. Da na haife ka da ba ka fita daga motar nan ba.” Ta sunkuya ta zaro lamba ɗaya daga kwalin, ta ɗaga. “Na zaga motocinku. Ina taku? Kai mai gilashi, ina taka?”

“Ni tawa tana falo, na kafa a bango.”

“A bango! Ashe kun sani. Kowa ya sani, sai a motar ɗan marar gata.”

Dakta ya rage murya. “Hajiya, ki fahimce ni. Ana gab da sabunta mini kwantiragi a wurin aiki. In sunana ya shiga wurin askar, ni ma jirgi za a sa ni, da iyalina. Mun kafa kwamiti, za mu duba...”

“Kwamiti ne ya durƙusa a ƙofar gidana?”

Wani ya ajiye kofinsa a hankali. Daga waje Sahadatou tana yi mata alama da hannu ta fito su tafi, mijin ya riga ya tayar da mota. Inna ta dube ta, ta tuna ɗakin da tagarsa ɗaya, da wanda ba zai sake ƙwanƙwasa ƙofar ya ce Inna ni ne ba. Ta girgiza kai. Ta ja abayarta ta zauna daɓas a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafu, ta tare hanya, lambar tana kan cinyarta.

“Ba ni da inda zan koma, Sha'aban. Ko ka ɗauki makullinka mu je ka faɗa musu kai ka ɗaura, ko in tafi da ƙafata da wannan abin a hannu. Za su riƙe ni, na sani, amma kafin su rufe ƙofa sai na kira sunanka, na nuna musu gidan nan. Kai ka ce masa ɗanku ne. To ga ni, ga ku. Wa zai tashi ya amsa?”